Shekarar da Gwaggo Ta Ƙi Wuce Tsamiya

Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin motar babanku kuna dariya, wai maza uku sun kwashe wata biyu a ƙarƙashin mota sun kasa, mace ta fito daga madafi ta gyara da masilla. Labarin yana da daɗi a haka, ni ma in na ji nakan murmusa. Amma kun rage shi da yawa, kuma garin ragewar kun mai da mutanen kirki wawaye, alhali biyu daga cikinsu suna ƙasa, na ukun kuma ko sallama sai an ɗaga murya yake ji. To ku natsu in gaya maku yadda aka yi, tunda ni ce nake bayan katanga ina saurare.

Gidanmu na Batsari, wanda aka haifi mafi yawanku a ciki, madafinsa jingine yake da katangar waje, kuma sama da murhu akwai 'yar taga da aka bari don hayaƙi. Bayan katangar nan akwai bishiyar bedi, a gindinta babanku ke ajiye motarsa. Ni kuwa sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, don haka a madafin nan nake wuni. Ban cika fita ba, kuma ba wai hana ni aka yi ba, ni dai gida ne ke yi mani daɗi. Ko biki aka je, ni ce ta farkon fara neman takalmana. Amma unguwa duka ta tagar nan take shigo mani. Ina sanin wanda ya wuce da jan ƙafarsa, ina sanin keken mai kalanzir da na mai gishiri, ina sanin ranar da babanku ya dawo da ɓacin rai tun daga yadda ya rufe ƙofar mota.

Su uku ne ke zama a gindin bedin nan kullum bayan la'asar. Akwai babanku, lokacin yana malamin gona a wajen Safana. Akwai Malam Haruna, malamin firamare, mai 'yar mota mai doro da ake kira kunkuru, wadda injinta ke baya. Sai Tanko, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya. Shi Tanko yana da wata doguwar baƙar mota da ta shekara da shekaru ba ta taka ko nan da can ba, amma duk Juma'a sai ya wanke ta ya goge, kuma ko kaza bai yarda ta hau kanta ba. Babu bakanike a cikinsu, so ne kawai. In aka buɗe inji sai ka ga fuskokinsu kamar an ajiye masu tuwo da man shanu. Motar wannan ta yi tari, a taru a kanta, gobe ta wancan ta yi zazzaɓi, a koma can. Suna gardama, suna zagin juna na wasa, ni ina miƙa masu ƙuli-ƙuli mai zafi ta taga. Motar babanku a-kori-kura ce tsohuwa, ya saye ta hannu na uku ko na huɗu, Tanko kuma ya raɗa mata suna Gwaggo, domin da safe sai ta yi tari sau uku kafin ta tashi, kuma ba ta son a gaggauta ta.

Sai shekarun tsanani suka shigo. Ku da kuka tashi daga baya ba za ku gane ba. Sabulu da madara da sukari sai an yi layi, damina biyu a jere ta yi gardama, kayan gyaran mota kuwa ko a Katsina sai ka yi yawo ka dawo hannu wofi. Ana cikin haka aka rage ma'aikata, sunan babanku ya fito a takarda. Ranar ya shigo ya rataye hularsa a ƙusa, ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba. Daga nan Gwaggo ta tashi daga abin sha'awa ta koma abin da muke ci. Yakan ɗauki rogon mutane daga Batsari ya kai wajen Safana, ya dawo da gero ko gyaɗa, mutane kuma a saman buhuna. Watanni muka yi a haka, ba yabo ba fallasa, tukunya dai ba ta kwana a kife ba.

Fetur shi ma ya zama abin tattali, sai a galan ake samu a bakin hanya. Wata rana aka wayi gari an zuƙe na cikin Gwaggo tas. Mutanen gindin bedi suka kai marfin tanki wajen maƙeri aka yi mashi kunne, aka sa kwaɗo. Ranar da suke wannan aiki ne na ji muryar Malam Haruna a taga.

"Uwargida, sannu da aiki. A taimaka mana da ɗan sabulu, ko kamar ƙwayar gyaɗa."

Na ce, "Malam, sabulu a wannan zamani? Wanka za ku yi wa Gwaggo?"

Ya ce, "Aikin maza ne, ke dai miƙo. In ta yi arziki ke za a fara kai wa Makka."

Na gutsuro mashi a jikin guntun da nake ɓoye a cikin kwalla, ina mita, shi yana dariya. Ban sake tuna zancen ba.

Bayan kwana biyu Gwaggo ta fara halin da ya kusa tashin mu daga garin. Da safe za ta yi tarinta uku ta tashi lafiya lau. A ɗora kaya, a kama hanyar Safana, tana tafiya kamar amarya. Da an kusa wata babbar tsamiya da ke gefen hanya sai ta fara shaƙewa, ta ja, ta saki, ta ja, ta mutu. A yi ta murza makulli, a tura, a yi addu'a, ko uffan. Ran farko shanun noma suka jawo ta, ran na biyu Malam Haruna ya je da kunkurunsa da igiyar rijiya. Rogo kuwa kun san ba ya jira, kwana biyu ya yi baƙi. Masu kaya suka yi haƙuri sau ɗaya, sau biyu, daga nan in sun hango babanku a kasuwa sai su waiwaya su kama gaisawa da wani.

Nan ne nake so ku san irin mutanen da kuke yi wa dariya. Tanko ya ce kafireto ce, wato inda mai ke haɗuwa da iska, ya kwance ta ɗaiɗai a kan tabarmar sallarsa ya wanke da burushin haƙori. Malam Haruna ya ce wuta ce ba ta isa, ya ciro fulogan motarsa ya sa wa Gwaggo, shi ya zauna da tsofaffin. Da wannan bai yi ba suka ce famfon mai ne ya gaji. Babu inda za a samu sabo. Sai na ji Tanko ya tashi ya tafi gida, can ya dawo da famfon baƙar motarsa a naɗe cikin tsumma. Tunda ya ajiye motar nan ba wanda ya taɓa kwance mata ko ƙusa ɗaya.

Babanku ya ce, "Haba Tanko, ba zan karɓa ba."

Tanko ya ce, "Kai na ba? Gwaggo na ba. Matsa ka ba ni wuri, hannunka kamar na mai kirɓa sakwara."

Abin da ya riƙa ruɗa su shi ne, duk gyaran da suka yi sai ya zama kamar shi ne. In sun gama ɗaurewa, sai babanku ya buɗe kwaɗo ya ƙara mata kwalba ɗaya ta fetur don gwaji, a murza makulli, ta tashi nan take. Sai ihu. Wanda shawararsa ce ya yi ta cika baki, a zagaya da ita bayan kasuwa a dawo, a ce an gama. Washegari kuma sai tsamiya. Har mutane suka fara cewa ba ciwon inji ba ne, masu tsamiyar ne ba su son ƙarar Gwaggo. Tanko ya ce shi dai duk yawonsa bai taɓa gamuwa da aljanin da ya san kafireto ba. Amma babanku ya faɗa mani da bakinsa cewa in ya doshi wurin yakan yi sallama a hankali, ko da dai.

Ana cikin haka Yaya Mamman, wan babanku, ya zo daga Tsaskiya. Kun san shi da tsufa, lokacin ya yi laushi. A wancan lokaci in ya yi magana a gidansu ko akuya ba ta kuka. Ya zauna a zaure, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da shanu da gajiya, sannan ya shiga abin da ya kawo shi, ni ina ji daga tsakar gida.

"Mi kaka jira a garin ga? Aiki ya ƙare, mota ta mutu. Ka saida ƙarhen nan ka dawo gida ka kama hauya. Na sa an share maku ɗaki biyu. In ruwan shuka ya sauka ba ka nan, gonar ka ta bakin rahi zan ba mai nomawa."

Babanku ya ce, "To, Yaya. A ba ni zuwa Juma'ar sama. In ba ta yi ba, akwai wani mutumin Katsina mai sayen matattun motoci yana farfasawa, sai in kira shi."

Na koma madafi na zauna ina kallon wuta. Ba ƙauye nake ƙi ba, ni ma 'yar ƙauye ce. Amma gidan nan da hannunmu muka gina shi, ni na shuka zogalen tsakar gida, na san kowace maƙwabciya da irin tarinta. Kuma babbar yayarku tana aji huɗu tana ƙoƙari, Yaya Mamman kuwa bai yarda da bokon mata ba, na san ranar da muka sauka Tsaskiya ranar za a ninke rigar makarantarta a sa a ƙasan akwati.

Suka yi gwaji na ƙarshe. Malam Haruna ya ce wataƙila datti ne a gindin tanki, tunda kullum mai kaɗan ake zubawa, famfo na jawo laka. A cika ta taf a gani. Su uku suka haɗa man. Malam Haruna ya ajiye kunkurunsa a gida ya koma zuwa makaranta a ƙafa don ya ba da nasa kason. Aka cika Gwaggo har wuya, aka rufe, aka sa kwaɗo. Wannan karon ko garin ba ta bari ba, a daidai maƙera ta mutu. Suka turo ta da hannu har gindin bedi. Babanku ya ce tunda abin ya zo haka, a zuƙe man kowa ya ɗauki nasa, ba zai sayar da mota da man abokansa a ciki ba. Na ji ƙarar kwaɗo. Na ji an murɗa marfi. Sai na ji wani dogon sauti, tsuuuu, kamar mutum ya daɗe a cikin ruwa ya fito ya ja numfashi.

Na tsaya da ludayi a hannu. Na san na sha jin sautin nan, duk ranar da aka jawo ta aka buɗe marfi ina jin sa, sai dai bai taɓa tsawo kamar na yau ba. Kuma da na koma baya a zuciyata, shekarun da motar nan ta yi a bayan katangata, ba ta yin sa a da. Su ba su ji, domin lokacin da ake buɗewa kowa na magana, kuma hankalinsu duka yana gaba wajen inji. Ni kuwa tankin daidai tagata yake. Sannan na san sautin a wani wuri. In na zuba mai da zafinsa a gwangwani na toshe da kyau, in ya huce sai gwangwanin ya shafe ciki, in na buɗe ya ja iska, tsuu. Kuma duk macen da ta taɓa huda gwangwanin madara ta san in huda ɗaya ce ba ya zuba, sai ya ɗigo ya tsaya, sai an yi mashi ta biyu inda iska za ta shiga.

Da safe babanku na shan koko na zauna gefe na ce, "Maigida, sabulun nan da Malam Haruna ya karɓa kwanaki, me aka yi da shi?"

Ya ce, "Wata 'yar huda ce a marfin tanki. Ya ji warin fetur a wurin da rana, ya ce rana ce ke shanye mana mai ta nan. Ya toshe, ya yanko robar taya ya ƙara a ciki. Me ya kawo wannan?"

Na gaya mashi zancen gwangwani. Ya saurara har ƙarshe, don shi ba mai katse mutum ba ne, sannan ya ajiye ludayi.

"Indo, mota ba gwangwanin man gyaɗa ba ce. Kuma ko da haka ne, mutumin da ke zuwa aiki a ƙafa saboda ni, shi zan je in ce wa matata ta ce kai ka kashe mani mota? Na riga na ba Yaya magana. Ki fara ɗaure kaya."

Na ɗaure. Kwanukan jere na sa a buhu da ƙaiƙayi, tufafi na ƙulla su a zannuwa, na jera a tsakar ɗaki. Kwana uku ina kewaya su.

Ran Juma'a Yaya Mamman ya iso da hantsi don a yi cinikin a gabansa, mutumin Katsina ma ya zo, wani mai gajeren gemu da yawan duba agogo. Suka ɗunguma masallaci gaba ɗaya. Kun san yadda gari ke zama lokacin huɗuba, ko'ina tsit sai kaji. Na daɗe a tsaye a tsakar gida. Makullin kwaɗon yana aljihun tsohuwar rigar aikin babanku, kuma tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa sa hannu a aljihunsa ba, ban kuma taɓa taka ƙofar gida bai sani ba. Na ce Allah ka gani, na ɗauka. Na yafa mayafi, na ɗauki masillar da nake ɗinke buhu, na fita. Na buɗe kwaɗon, na murɗo marfin na cire. Na juya shi, na ɗaga robar, ga hudar nan ƙarama kamar idon allura, a cike da sabuluna, ya bushe ya yi ƙarfi. Na ƙwaƙule shi, na huda robar daidai wurin, na sa baki na hura, iska ta fita ta ɗaya gefen. Na mayar na kulle, na koma ciki ina haki kamar na yi sata.

Da suka dawo suka zauna a zaure, babanku da Yaya da baƙon da Malam Haruna da Tanko. Na tsaya bayan ƙofar ciki. Na yi gyaran murya sau biyu ko babanku zai shigo, ya ce in dakata. Ina jin baƙon yana kushe motar, taya ta cinye, jiki ya ruɓe, shi don taimako ma zai ɗauka. Na ji maganar ta zo inda ba abin da ya rage sai babanku ya ce ya sallama. In ya faɗi wannan kalmar kuwa an gama, ba ya komawa baya. Tunda nake ban taɓa ɗaga murya inda Yaya yake ba, ko gaisuwa daga nesa nake durƙusawa. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Salamu alaikum. Ku yi mani gafara, ina da magana a kan motar nan."

Yaya ya ce, "Wace ce wagga? Mata ka shiga cinikin maza yanzu?"

Tanko ya ce, "A yi haƙuri, Yaya. Wata biyu muna cin ƙuli-ƙulinta kyauta, ta ci a ji ta. Uwargida, faɗi."

Na ce, "In kun jawo ta kun buɗe marfin mai, takan ja numfashi. Haka take yi." Na kwaikwaya masu.

Baƙon ya fashe da dariya. Tanko bai yi dariya ba. Ya ce, "Sake yi."

Na sake. Na ce a da ba ta yi, kuma ranar da aka cika ta ya fi tsawo, ranar kuma ta fi saurin mutuwa. Na kawo zancen gwangwanin madara mai huda ɗaya. Ban ambaci sabulu ba, ban ambaci sunan kowa ba. Ban kai ƙarshe ba na ji Tanko ya tafa hannu ya yi salati.

"Kai, ni Tanko! Tanki ne ba ya shan iska! Famfo na ja, tanki na riƙewa. Mu muna can gaba muna ta wanke abin da ba shi da laifi, da mun buɗe marfi ta samu iska ta tashi, mu ce mun iya. Amma marfi ai da hudarsa yake zuwa, wa ya..."

Sai ya tuna. Ni a bayan ƙofa na so ƙasa ta buɗe, domin ba don in kunyata mutumin nan na yi magana ba. Can sai na ji muryar Malam Haruna, a fili, ba rawa.

"Ni na toshe ta. Da hannuna, da sabulun uwargida. Ni na ce rana ke shan mai. A ba ni makulli in cire."

Na ce, "Na riga na cire, Malam."

Babanku ya ce, "Kin fita?"

Na ce, "Na fita."

Malam Haruna kuwa ya tashi ya nufi gida da sauri, ya turo kunkurunsa, ya sa tiyo a tanki ya zuƙa da baki har man ya shaƙe shi, yana tari yana tofarwa yana cewa a kawo galan. Baƙon ya miƙe ya ce shi ba wasan yara ya kawo shi ba, yana da tafiya a gaba.

Tanko ya ce, "Alhaji, zauna ka sha fura. Za mu je Safana mu dawo. In ta mutu a hanya, ka ɗauke ta, in ƙara maka da baƙar motata kyauta. Ga shaidu."

Baƙon ya riga ya ga baƙar motar a ƙofar gidan Tanko. Ya koma ya zauna. Gwaggo ta yi tarinta uku, suka tafi su uku.

Bari in gaya maku abin da maganar nan ta jawo, don kada ku ɗauka a banza aka samu. Na turo kwanon fura bakin zaure, baƙon ya sha, Yaya Mamman bai taɓa ba. Ya shekara biyu bai ci abin hannuna ba, in ya zo Batsari a gidan wani yake sauka, yana cewa ƙanensa ya zama mijin da ake yanke wa magana daga bayan ƙofa. Gonar bakin rafi da ruwa ya sauka ya ba wani, kuma ba ta dawo hannunmu ba har yau, ita ce kuke wucewa kuna cewa da ta babanku ce. Babanku ya ji zafin wannan har ya koma ga Allah, ko da yake bai taɓa ɗora mani ba. Malam Haruna kuma yaran makaranta suka raɗa mashi Mai Sabulu, sunan ya bi shi har ya yi ritaya, yana amsawa da fara'a. Amma motar nan ta yi mana aiki shekaru bayan haka, a bayanta aka kai yayarku makarantar kwana da akwatinta, kuma Yaya da kansa a cikinta aka kai shi asibiti lokacin da maciji ya sare shi, daga nan ne ma ya fara cin tuwona.

Ranar dai na koma madafi na zauna a ƙarƙashin taga, ban hura wuta ba don kada ƙarar itace ta hana ni ji. Na san tsawon lokacin da ake ɗauka kafin wani ya dawo a keke ya ce a kawo igiya. Lokacin ya yi, ba kowa. Aka kira la'asar, ba kowa. Na yi salla a gurguje na dawo. Baƙon yana ta kai da kawo a ƙofar gida, Yaya yana jan carbi da ƙarfi. Rana ta yi ja, kaji suka fara neman wurin kwana, zuciyata ta fara raya mani ko ta wuce tsamiya ne ta je ta mutu a inda ba mai jawo ta.

Sai na ji ta. Can nesa, wajen gangaren shiga gari, ƙasa-ƙasa, yadda ba wanda ke zaure ya ji tukuna. Ba jan ta ake ba, da ƙafarta take tafe. Da ta kama hawa na ji an sauya giya ta yi gurnani mai nauyi, na ce wallahi da kaya a bayanta. Na tashi na shiga ɗaki.

Kafin su iso unguwa duk ta fito, don Tanko ne ke tuƙi, ya manta da ciwon baya, ya ɗora hannu a kan ham bai ɗaga ba tun daga kasuwa. Ashe a Safana suka tarar da wani mai gero ya rasa mota, suka loda mata buhuna har sama. Malam Haruna yana zaune a kan buhunan, hula a hannu, yana gaya wa duk wanda suka wuce cewa sun wuce tsamiya sau biyu ko tari ba ta yi ba. Baƙon ya zagaya motar sau ɗaya, ya dubi agogonsa, ya tambayi inda ake shiga motar Katsina.

Babanku ya shigo shi kaɗai, ƙura har gira. Ya tsaya a ƙofar madafi ya daɗe yana kallona, ni kuma ina ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Ya ce, "Nan gaba in za ki fita, ki gaya mani."

Na ce, "To, Maigida."

Ya juya kamar zai tafi, ya sake juyowa. "Ki kwance kayan nan."

Na ce, "Ai na kwance tun kuna gangare."